Cocin da aka gano a ƙarƙashin wajen ajiye motoci, da ƙasar cikin badala da muke kwashewa a tifa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka bani ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana cina. Nasan wasiƙar tayi tsawo, in fili ya ƙure ka rage, amma dan Allah kar ka taɓa wajen maganar fandisho da tifa don saboda ita na ɗauki waya nake rubutun.

Maganar wani tsohon coci zan fara da ita, kuma nasan tun daga nan wani zai ce me ya haɗa Bakano ɗan cikin gari da cocin Turawa, toh ayi haƙuri a bini a hankali.

Akwai wani gari a Ingila, Lesta, 'yan ƙwallo sun sanshi sarai tunda kulob ɗinsu ne ya bawa duniya mamaki ya cinye firimiya a 2016, kuma can Ahmed Musa namu na Pillars ya taɓa bugawa. A tsakiyar garin nan akwai wani coci na wasu limaman Kirista masu zaman zuhudu da ake ce musu Greyfriars saboda toka-tokar rigar da suke sawa, tun ƙarni na 13 suke wajen. A 1538 sarkinsu Henry na 8 da ya ɓata da Fafaroma ya rufe irin waɗannan gidaje kaf, aka rushe wannan ma, aka saida duwatsun ginin, wani attajiri ya sayi filin ya gina gida da lambu, bayan shi wasu suka zo suka gina makaranta da ofisoshi, ƙarshe dai aka malala kwalta a sauran filin ya zama wajen da ma'aikatan ƙaramar hukuma suke ajiye motocinsu. Sama da shekara 400 babu wanda zai iya nuna maka da yatsa yace ga inda cocin yake, sai dai sunan titi kawai da ya rage.

Abinda yasa mutane basu manta da cocin ba shine an san a cikinsa aka binne Sarki Richard na 3, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485, shine sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen daga. Sannan ga wani labari da ya bazu a bakin mutanen garin kaka da kakanni cewa wai lokacin da aka rushe cocin 'yan gari sun tono ƙasusuwansa sun watsa a kogi, kowa ya yarda da haka, har allo aka kafa a bakin gada ana faɗa. Sai a watan Agusta 2012 masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa daga jami'ar garin, ƙarƙashin Richard Buckley, tare da wata mata Philippa Langley wadda ita ce ta dage ta dinga bin ofis-ofis tana neman izini da kuɗi, suka fasa kwaltar. Kafin su taɓa ƙasa sai da suka zauna da tsofaffin taswirori suna ɗora wannan kan wancan, sannan suka ja dogon rami siriri suka bi a hankali da cokalin magina da buroshi. A ranar farko suka ci karo da ƙasusuwan ƙafar mutum, amma basu ɗaga ba, suka rufe suka cigaba da neman ginin tukunna, don gano gawa ba tare da sanin a wane sashe na ginin take ba bashi da wani amfani a wajensu. A hankali suka gano ɗakin taron limaman da bencinsa na dutse, suka gano barandar da ta zagaye tsakar gida, suka gano shatin tayil a jikin daɓe ko da yake tayil ɗin an ɓamɓare tuntuni, suka gano ramukan da aka zare duwatsun bango aka tafi dasu, da haka suka zana fasalin cocin a takarda, sai ga kabarin nan ya faɗo daidai sashen da tsofaffin rubuce-rubuce suka ce an binne sarkin.

Kabarin ma a gaggauce aka haƙa shi, yayi wa gawar kaɗan har kan ya jingina da bango, babu akwati babu alamar likkafani. Ƙashin bayansa a karkace, raunuka 11 a jikin ƙashi, 9 a kai. Tafin ƙafafun babu, ana ganin wani gini da akai a ƙarni na 19 ne ya yanke su, wato da leburan wancan lokacin ya matsa da shebur ɗinsa kaɗan da shikenan zancen ya ƙare. Aka gwada ƙashin aka samu mutumin ya mutu tsakanin 1455 da 1540, aka nemo wani kafinta ɗan Kanada da ya fito ta tsatson yayar sarkin ta wajen uwa, aka gwada ƙwayar halittarsu ta dace, ranar 4 ga Fabrairu 2013 jami'ar ta fito ta sanar. Har ƙwan tsutsar ciki suka gano a ƙasar da ke wajen ƙugunsa, kaji sarki guda da tsutsar ciki. Daga baya mutanen York suka ce nasu ne a basu su binne, har kotu aka je akan ƙashin mutumin da da yake raye ba kowa ke sonsa ba, Lesta tai nasara, aka sake binne shi a babban cocin garin ranar 26 ga Maris 2015, wani ɓangaren filin motocin kuma yanzu gidan tarihi ne mutane na biyan kuɗi suna shiga suna leƙa ramin ta cikin gilashi.

Yanzu Edita duba shekarar nan da kyau, 1485. Waye sarkin Kano a lokacin? Muhammadu Rumfa, wanda yai sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ranar da ake tura gawar Richard cikin wancan guntun rami, nan Kano Rumfa na kan gado da shekara 22 a sarauta, shine ya gina gidan sarautar da har yau Sarki ke ciki, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa badala, a zamaninsa Shehu Maghili ya zo ya zauna ya rubuta masa yadda ake mulki. Badalar kanta ta girmi cocin nan, tunda kundin tarihin Kano yace Sarki Gijimasu ne ya fara ta, shi kuwa tsakanin 1095 da 1134 yai mulki. Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ga Madabo nan har yanzu ana sallah ana karatu. In ka koma gindin Dala kuwa an taɓa samun wajen narka tama da gwaji ya nuna ya kai wajen ƙarni na 7. To ƙasar da ke ƙarƙashin Madabo da Sharifai da Bakin Ruwa da Jakara da Yakasai da Koki sa'ar wancan cocin ce, wata ma ta haife shi, bambancin kawai su da suka zo haƙawa sun zo da buroshi da littafin rubutu, mu kuma katafila muke turawa da tifa a bayanta tana jira.

Abinda mutane da yawa basu lura dashi ba shine garin ƙasa tashi yake yi sama. Ka shiga lungunan cikin gari zaka ga gidan da sai ka sauka taki biyu ko uku kafin ka shiga zaure, ba haƙa zauren akai ba, titin ne ya hau. Damina ta zubar da katanga, a baje ƙasar a ɗora sabon tubali a kai, a zuba toka da shara a lungu, shekara ɗari bayan shekara ɗari, kamar kayan lefe a akwati, wanda aka fara sawa shine a ƙasa wanda aka sa ƙarshe shine a sama. Duk ilimin masu wannan bincike akan wannan jerin yake, kuma da zarar bokitin katafila ya shiga ya juya ya zuba a tifa, jerin ya tafi har abada, ko ka tsinci tukunya a inda aka juye ƙasar bata da sauran labari, tukunya ce kawai.

Kuma ba zinare suke nema ba, wannan ita ce fahimtar da ta ɓata mana abin. Tsingaro suke nema da gawayi da ƙashin dabba da kashin maƙera da wuri da tukunyar taba. Gawayin murhun wata tsohuwa in aka kai ɗakin gwaji zai faɗi kusan lokacin da aka sare itacen, saboda akwai wani sinadari a jikin duk abu mai rai da yake raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan ya mutu, ana auna abinda ya rage. Tukunyar taba kuma in ka ganta a wani hawa na ƙasa kasan wajen bai wuce shekara 400 da ɗoriya ba, don taba daga nahiyar Amurka ta fito kuma sai wajen 1600 ta iso ƙasashenmu. Wuri, kundin tarihi yace zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, ya shigo ƙasar Hausa, to ga hanyar da za a gwada maganar a gani, in an samu wuri a ƙasan hawan da ya girmi Sharefa sai a gyara littafi, in ba a samu ba sai a ƙara yarda da marubucin. Haka zancen raƙuma da fataken goro zamanin Abdullahi Burja, haka marinar Ƙofar Mata da aka rubuta 1498 a ƙofarta, ni ina son marinar nan kuma ina alfahari da ita amma wallahi zanso ace wani ya ɗebi katsi da gawayi daga ƙasan tsohuwar karofi ya gwada ya tabbatar mana, tunda mutanen Lesta ma da bakinsu ɗaya akan an watsa ƙashin sarki a kogi ashe yana nan kwance inda aka ajiye shi ma'aikata na faka mota a kansa. Tarihin baka abu ne mai daraja, kakanninmu ba maƙaryata bane, amma baki yana ƙari yana ragi, ƙasa kuwa abinda aka zuba mata shi take riƙewa.

Wani maƙocinmu ya rushe gidan gadonsu zai yi bene da shaguna a ƙasa, abinda kowa yake yi yanzu, kuma ban zarge shi ba, magada sun yi yawa gidan ƙasa kuma duk damina sai yaɓe. Da leburori suka nutsa da fandisho sai suka fara fito da abubuwa, daɓe a ƙarƙashin daɓe har hawa-hawa, bakin wata tsohuwar rijiya da ko tsohuwar gidan bata san da ita ba, ga wasu manyan tukwane a kife, ga baƙin dutse mai nauyi mai ƙuraje wanda wani dattijo maƙeri da ya leƙa yace kashin tama ne, wato an taɓa narka ƙarfe a wajen. Me akai? Yaran suka farfasa tukwanen da diga wai ko akwai kuɗin da a ciki, da basu ga komai ba sai wani yace ai asiri ne aka binne, aka kira almajirai sukai karatu, maigidan kuma ya roƙi kowa kar a ɗauki hoto kar a sa a Facebook, tsoronsa kar hukuma taji ta zo ta kafa allo ta hana shi gini. Kafin la'asar tifa tayi sawu ta kwashe komai an kai cikon kududdufi, shi ma kududdufin za a yanka shi filoti ne. Wannan gida ɗaya kenan a lungu ɗaya, ka lissafa gidajen da ake rushewa kowace rani daga Gwale zuwa Dala zuwa Birni, ka ƙara da manyan ayyuka, gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, gadar ƙasa ta Kabuga da ta Ƙofar Ruwa, aikin rufe Jakara, da na Ɗan Agundi, duk ramuka ne masu zurfin gaske a bakin ƙofofi da gindin badala, irin ramin da malamin jami'a zai shekara yana neman kuɗin haƙa rabinsa bai samu ba, gashi an haƙa kyauta an kwashe an zuba kankare.

Kar a fahimce ni a karkace, ina son gadojin nan, duk wanda ya san cunkoson Ƙofar Nassarawa a da bazai ce kar ayi ba, kuma gari mai miliyoyin mutane dole ya gina. Su ma Turawan ba barin gini sukai ba, Landan kullum a cikin haƙa take. Abinda sukai shine tun 1990 Ingila ta sa ƙa'ida cewa duk mai neman izinin babban gini a wajen da ake zaton akwai tarihi a ƙasa sai ya bari an duba tukunna, kuma shi zai biya kuɗin dubawar a cikin kuɗin aikinsa. Faransa tayi dokarta a 2001 ta kafa hukuma guda mai wannan aikin kawai. Shi yasa da babban cocin Paris, Notre-Dame, wanda aka fara ginawa a 1163, ya ƙone ranar 15 ga Afrilu 2019, duk da shugaban ƙasarsu yayi alkawarin gama gyara cikin shekara 5 kuma duniya ta zuba ido, da aka zo kafa ƙarafan da za a hau a sake gina hasumiyar sai aka dakata aka bawa masu bincike 'yan makonni a 2022 su duba ƙasan daɓen, suka fito da akwatunan gawa na dalma da gutsattsarin sassaƙen dutse na ƙarni na 13 da fentinsu a jiki, sannan magina suka cigaba, aka buɗe cocin a Disamba 2024. Makonni kawai fa. Mu kuwa ɗan kwangila yana iya barin rami a buɗe wata shida yana jiran a sakar masa kuɗi, ruwa ya taru sauro ya haihu, amma ace a bar ɗalibai su shiga da tef da kyamara na sati biyu sai ace za a ɓata lokaci.

Nasan abinda ke ran masu karatu da yawa, kuma nima yana raina, wato maganar kabari. Mu Musulmi ne, Annabi SAW yace karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma babu mai hankalin da zai ce a je a tone maƙabartar sarakuna ko kabarin wani waliyyi don a auna ƙashinsa, ni ban faɗa ba kuma bazan goyi baya ba, abinda Turawa sukai da sarkinsu al'adarsu ce da dokarsu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, tsofaffin kaburbura suna nan birjik a ƙarƙashin gidajen cikin gari tunda a da a gida ake binne mutane da yawa, kuma katafila bata tambaya, duk wanda yai aikin gini a cikin badala ya san ana cin karo da ƙashi, abinda ke biyo baya kuma ya danganta da tsoron Allahn wanda ke tsaye a wajen, wani ya tattara ya binne wani ya kau da kai. In akwai wanda aikinsa kenan ya tsaya a bakin ramin, shine zai ce dakata, a kira mai unguwa da liman a suturta bawan Allah yadda shari'a tace. Kenan mutuncin mamatanmu ma ya fi tsira in akwai mai lura. Sauran kayan kuwa, tukunya da rijiya da murhu da maƙera da gindin katanga, ban san malamin da ya haramta aunawa da rubutawa ba, Alƙur'ani ma cewa yai ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Ga masu cewa abin coci ba ruwan Musulmi, ku dubi Sudan. Da za a cika madatsar Aswan ta Masar ruwa ya cinye wani yanki na ƙasar Nubiya, masu bincike daga Folan suka tono babban cocin Faras daga cikin rairayi tsakanin 1961 da 1964, suka ɓamɓaro zanen bangonsa, aka raba tsakanin Khartum da Warso, ƙasar Musulmi ta ajiye su a gidan tarihinta don tarihin kakanninta ne. A tsohuwar Dongola kuma akwai ginin sarakunan Kirista da aka maida masallaci a 1317, yana nan a tsaye, kuma ta wajen tona garin ne aka fahimci yadda Musulunci ya shiga yankin a hankali.

Mu namu masallacin fa? Babban masallacin Kano na ƙasa mai doguwar hasumiya sai dai a tsofaffin hotunan Turawa, an sauke shi an gina na yanzu zamanin Sarki Abdullahi Bayero, masallaci ne mai kyau ba musu, amma da an bar ko hasumiyar da yau muna da abin nunawa kamar yadda Katsinawa ke nuna Gobarau suna mana dariya. Zazzagawa sun fi mu dabara, da suka zo sabunta masallacin Juma'arsu da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 sai suka bar bakunan ginin ƙasar a ciki suka lulluɓe da sabon gini. Katsina kuma an tona tsofaffin kaburburan Durɓi Takusheyi tun 1907 aka sake a 1992, aka samu kayan ado na zinare da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Larabawa, shaida a hannu cewa ƙasar Hausa na cikin kasuwancin duniya tun shekaru 600 zuwa 700 da suka wuce. Mu da muke cewa ko da me kazo an fi ka, in baƙo yace nuna min abu ɗaya da aka tono a Kurmi aka tabbatar da shekarunsa sai mu fara kame-kame muna kawo labarin Bature matafiyi Barth da yazo a 1851.

Ita badala ma abin ya wuce magana. Gwamna Lugga da ya ganta a 1903 ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba, an sa ta cikin jerin jiran shiga wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO tun 2007 har yau tana jira, kuma me za su zo su gani? Wani wajen an yanka an gina shaguna, wani wajen masu bulo da masu yaɓe sun cinye ta da diga, wani wajen juji ne da bahaya. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi aka gina sabuwa, mutane sukai ta surutu kwana biyu aka manta. Ni yanzu na daina kukan ƙofofin da suka tafi, sabon gini ko ya fi na da kyau sabo ne. Abinda ya dame ni gindin ganuwar da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda shi kaɗai zai iya faɗa mana wane sashe ne na Gijimasu, wanne ne na Rumfa, wanne ne ƙarin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17, kuma yanka ɗaya mai tsafta a jikin badalar da aka auna aka zana aka ɗebi gawayi zai bada wannan amsar, gashi kullum ana yanka ta ba mai aunawa.

Abinda nake roƙo ba babba bane. Muna da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da dokar 1979 ta kafa, ofishinta na nan Gidan Makama, muna da hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa, ABU Zariya na da sashe guda na wannan ilimin suna yaye ɗalibai duk shekara da yawansu na zaune ba aiki ko suna saida data, BUK na da sashen tarihi da manyan malamai. Majalisar jiha tayi doka, ko ma hukumar tsara birane ta KNUPDA ta sa a cikin sharuɗan izinin gini, cewa duk ramin da zai wuce wani zurfi a cikin badala ko kusa da ita sai an sanar, a turo mutum ɗaya ko biyu su tsaya lokacin haƙa, su ɗau hoto su zana su ɗebi samfur, in aikin gwamnati ne ko na babban ɗan kasuwa a sa kuɗin a cikin kwangila, kuɗin da bai kai na allon da ake kafawa da hoton mai girma ba. In gidan talaka ne kuma kar a karɓi ko sisi, kuma a rubuta ɓaro-ɓaro a dokar cewa ba za a ƙwace filin kowa ba kuma ba za a tsaida shi fiye da kwanaki kaza ba, don muddin mutane na tsoron allon hukuma to ɓoyewa za su cigaba da yi kamar maƙocina, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Masarauta ma tana da rawar takawa fiye da kowa, mai unguwa ya san duk gidan da ake rushewa a unguwarsa kafin injiniya ya sani, sarakunan ƙofa suna nan, Sarkin Gini yana nan, in umarni ya fito daga fada cewa duk wanda ya ci karo da tsohon abu ya sanar da mai unguwa, za a ji shi fiye da sanarwar rediyo goma. Su kuma leburori da direbobin katafila a riƙa basu ɗan tukuici in sun kawo rahoto, don yanzu abinda suka sani shine in abu ba zinare bane to shara ne.

Sannan abinda aka samu kar a kulle shi a sito ko a rubuta da Turancin da sai farfesa, a kawo shi Gidan Makama a rubuta da Hausa da ajami cewa wannan daga Alfindiki aka samo shi a zurfi kaza shekarunsa kaza, 'yan makarantar unguwar su zo su gani.

Kai kuma Edita ga naka aikin, dan Allah ka tura wakilinka da mai hoto su bi badala a ƙafa daga Kansakali zuwa Waika zuwa Dawanau su nuna mana abinda ya rage a wannan shekarar, sannan ya shiga Gidan Makama ya tambaye su wa mutum zai kira in yana haƙa fandisho ko shadda ya ci karo da tsohuwar tukunya ko rijiya, kuma me zai faru da filinsa in ya kira, ku buga amsar da lambar a shafin farko yadda magina da masu gida za su gani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga ƙaramar hukumar Dala, Kano.